Lamba Biyar da Hulunan Dudunni

Abdulrauf Lamba Biyar taubashina ne. Mahaifiyarsa, Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifina ce, wato ni ɗan namiji, shi ɗan mace. A al'adarmu bawana ne ko da zai zama gwamna. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta ya ce Malam Sadisu ya raina babban mutum. Ban raina shi ba, gadona nake ci.

A Dudunni aka haife mu, cikin ƙasar Kusada, shekara biyu tsakanina da shi. Ni na bi karatu har na zama malamin firamare a Kankiya, shi ya bi ƙwallo. Raufu muke ce masa a gida. Ɗan baya ne, irin wanda in ɗan gaba ya hango shi sai ya tuna yana da iyali. Ya buga a Katsina, ya buga a Kano, aka saye shi zuwa Fatakwal, daga nan ya yi shekara uku a Sudan. Duk inda ya je riga mai lamba biyar yake sawa, har lambar ta cinye sunan ubansa. Shekara goma sha bakwai yana yawo a bayan ƙwallo, sai gwiwarsa ta dama ta ce ita ta gaji. Aka yi masa aiki har sau biyu, ya dawo gida da tsohuwar mota, da jaka biyu ta riguna, da ɗingishi.

Ba shi ya nemi siyasa ba, samarin Dudunni suka tura shi. Ya yi kansila, kuma ban ga laifinsa ba. In famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, da kansa yake ɗauko mai gyara. In lokacin rabon taki ya zo, yakan je sakatariya ya tsaya a bakin sito ya harɗe hannu, bai ce wa kowa komai ba, amma buhun Dudunni bai taɓa yin ɓatan hanya ba. Daga nan aka ba shi mataimakin ciyaman. Abu ɗaya ne Allah bai ba shi ba, baki. In aka miƙa masa makirfo sai ya riƙe shi kamar an ba shi jaririn wani. Ni nake yi masa magana, shi yana gyaɗa kai.

To, da zaɓe ya matso sai ya ce majalisar dokokin jiha yake so. Ya ajiye kujerar mataimakin ciyaman, domin ba a shiga takara da ita a hannu. Nan ya haɗu da Alhaji Bubayero.

Alhaji Bubayero ya yi shekara talatin da biyar yana aikin ƙaramar hukuma kafin ya yi ritaya. Ya san kowace takarda da inda take kwana. Ba ya ɗaga murya, ba ya sauri, kullum carbi na hannunsa. Garin Kusada nasa ne, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan fansho duk shi suke bi. Raufu kuwa ƙarfinsa a ƙauye yake, Dudunni da Kaikai da Boko, wurin manoma.

Dattawan jam'iyya suka kira su Kankiya a yi maslaha. Na bi shi a matsayin mai riƙe baki. Aka yi addu'a, aka kewaya, aka kewaya, sannan shugaban taron ya sauka inda kowa ya san zai sauka.

"Abdulrauf, kai yaro ne. Ka bar wa babanka Alhaji wannan karon. Shekara huɗu kamar gobe ne."

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, alamar ya ce zai je ya yi shawara. Ashe ƙafar mai ciwon na taka. Ya zabura ya ce, "Ranku ya daɗe, ni ban taɓa barin fili ba a busa ba. A bari a buga."

A wurinmu wanda manya suka roƙa ya ƙi, to ya tabbata ya ci. In ya faɗi ba kujera kaɗai ya rasa ba, ba wanda zai sake kiransa taro, ko na raba goro. Shugaban ya ce shi ke nan, za a yi zaɓen fid da gwani, kuma ƙato bayan ƙato za a yi. Wato ba akwati, ba takarda. A kowace mazaɓa masu katin jam'iyya za su yi layi a bayan ɗan takarar da suke so, ko a bayan hotonsa, a ƙirga kawuna a bainar jama'a. Ya ba da Asabar biyu a zaɓi ɗaya, ta ƙarshen watan Mayu ko ta tsakiyar Yuni.

Alhaji Bubayero ya ja carbi ya ce, "Yaro ya zaɓa."

Raufu ya ce ta tsakiyar Yuni, don ya sami lokacin zagaya ƙauyuka. Aka tambaye shi safe ko yamma, ya ce a gama da sha biyun rana, kafin zafi ya galabaitar da tsofaffi. Na ga Alhaji ya leƙa ta taga, ya dubi gabas, ya yi ɗan murmushi ya ce, "Madalla." Wallahi na gani da idona, amma ban gane ba. Shi Raufu yana da uzuri, ya fi shekara goma sha bakwai rabonsa da gona. Ni fa? Allo da alli sun cinye mini kai.

A shekarar damina ta yi jinkiri. Har an fita roƙon ruwa sau biyu. Kowa ya share gonarsa, ya zuba takin gida, ya ɗaure iri a buhu yana kallon sama. Mu kuwa muna ta zagaye, ana yi mana alkawari. A Dudunni kaɗai muna sa ran mutum ɗari huɗu.

Ranar Juma'a, jajiberin zaɓen, bayan La'asar, gabas ta haɗe. Ina Kankiya na ga iska ta ɗebi rumfunan bakin titi, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yara suna tsalle a cikinsa, tsofaffi suna hamdala. Ni ma ina tsakar gida ina taya su murna, sai na tuna gobe ne zaɓe. Na ɗauki waya.

"Bawana, kana ganin ruwan nan?"

"Alhamdulillahi. Gobe filin ba ƙura."

"Filin ba ƙura, ba kuma mutane. Ruwan shuka ne, Raufu."

Sai a lokacin ya gane.

Wanda ba manomi ba zai ce a bari sai jibi mana. Ƙasarmu jigawa ce, yashi. Laimar ruwan farko kwana ɗaya take yi, in ta daɗe biyu. Wanda bai sa iri a ranar ba sai ya jira wani ruwan, wanda ba a san ranarsa ba, kuma maƙwabcinsa ya riga shi da sati biyu ko uku. Washegarin ruwan shuka ko ɗaurin aure ɗagawa ake yi. Jana'iza ce kaɗai ke fitar da mutum daga gona, ita ma ana idarwa kowa ke komawa da gudu.

Ƙarfe takwas na safe na isa Dudunni a kan babur. Tun daga hanya nake ganinsu, hagu da dama, maza na sara da sungumi, tsofaffin mata da 'yan mata na biye suna jefa iri suna takewa. Garin kansa kamar an yi ƙaura. A filin makarantar firamare na tarar da Raufu tsaye cikin farar shadda, bayansa mutum goma sha huɗu, rabinsu tsofaffin da sanda ke riƙe da su. A gefe guda an kafa hoton Alhaji Bubayero a jikin sanda, bayansa mutum sittin da uku: masu tireda, mahauta, 'yan fansho, duk wanda abincinsa ba a gona yake ba. Wakilin Alhaji, wani Bishir, yana zagaya su yana raba ruwan leda.

"Honarabul Lamba Biyar!" in ji Bishir. "Ka cika sha ɗaya har da 'yan benci uku. A busa a fara?"

Na ce, "Bishir, in za a fara kai za mu sa a matsayin ƙwallo, siffar ta yi daidai."

Aka yi dariya, amma ni cikina ba dariya. A ƙarƙashin darbejiya jami'ar da jam'iyya ta turo daga Katsina tana zaune a kan kujerar hedimasta, da lema a gefenta da rajista a cinya. Hajiya Karima sunanta. Na je na rusuna na ce ko za a ɗaga ƙirgar zuwa La'asar, ganin halin da ake ciki.

Ta dubi agogon hannunta ta ce, "Malam, takardata ta ce sha biyu. Ɗan takararka ne ya sa hannu. Duk wanda ke cikin layi da katinsa ƙarfe sha biyu zan ƙirga shi. Wanda ya zo sha biyu da minti ɗaya, sai dai mu gaisa."

Waya ta fara shigowa. Kaikai mutum ashirin da wani abu. Boko ba su kai talatin ba. A cikin garin Kusada kuwa layin Alhaji har ya karya kwana. Da muka haɗa lissafi a ka, sun fi mu da wajen ɗari biyu. In Dudunni ba ta cike wannan ramin ba, an gama.

Wani daga cikin mutanenmu ya matso ya rage murya. Ya ce a je masallacin Juma'a a kunna lasifika a ce motar taki ta iso makaranta, wanda bai zo da kansa ba ba shi da rabo. Ya rantse kafin minti ashirin filin zai cika. Gaskiya ya faɗa, zai cika. Na dubi Raufu. Zufa na bin wuyansa, ya jingina nauyinsa a kan ƙafar hagu.

Ya ce, "In sun zo suka ga ba taki, bayan wa za su tsaya?"

"Kafin su gane an ƙirga."

"Gobe fa? Da wane ido zan shiga garin nan?" Ya juyo wurina. "Sadisu, je ka wurin Yaya Hussaini. In ya ajiye sungumi kowa zai ajiye."

Hussaini yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke riƙe da gandun gidansu. Na same shi a gonar bakin rafi, shi da ƙannensu biyu suna tafiya a jere. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na bi shi layi-layi ina magana, takalmina na nutsewa. Na yi masa wa'azi, na yi masa siyasa, na tuna masa zumunci. Sai da muka kai ƙarshen layi ya tsaya ya tofa yawu a tafin hannu.

"Malam Sadisu, ka ce mashi in ya ci gero za shi ci, in ya faɗi ma gero za shi ci. Geron ga kau ba shi shuka kanshi."

"Yaya, awa ɗaya ce."

"Dubi rana. Kafin azahar saman ƙasar ga ya bushe. Baki talatin da ɗaya nike ciyarwa, har da nashi in ya zo hutu."

Ya juya ya kama sabon layi. Na shiga gona biyar bayan tasa, amsar iri ɗaya, sai dai wasu sun fi shi iya zagi. Ƙarfe tara da rabi na koma gari hannu rabbana.

Ban iya fuskantar Raufu ba, sai na biya gidansu in sha ruwa. Gwaggo Kulu tana zaune a zaure tana tsince wake. Daga cikin gida ana jin daka, hayaƙi na tashi, matan gidan suna haɗa abincin masu shuka. Na ba ta labari. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Kai dai da baki kamar reza, kanka kuma kamar turmi. Katin jam'iyyar nan da kuka bi gida-gida kuna yi, maza kaɗai kuka yi wa?"

Na ce a'a, har da mata. Rauda, matar Raufu, ita ta bi su ɗaki-ɗaki.

"To ina matan suke?"

Na saurari dakan. Ba gidansu kaɗai ba, gari duka daka ake yi. Matan aure duk suna ciki. Na miƙe tsaye har na zubar da kofin.

"Zauna," in ji ta. "Ba wadda za ta taka ƙofar gida ba da izinin mai gidanta ba, kuma masu gidan suna gona. Izinin za ka je ka karɓo."

"Yanzu kuwa."

"Na ce zauna. Wa zai yarda da kai? Kai da ka taɓa ce wa Hawwa mijinta ya dawo daga Makka da haƙorin zinariya, alhali yana Charanci yana sayar da awaki? In ka zo ka ce an ba da izini, cewa za su yi Sadisu ya fara. Duk wanda ya yarda, ya ba ka hular kansa. Mace ta san hular mijinta ko a cikin dubu."

Na ɗauki buhun taki wanda ba komai a ciki. A makaranta na janye mutum biyu masu babur daga layinmu, muka raba gonaki, ni gabas, su kudu da arewa. Layin Raufu ya koma goma sha biyu. Bishir ya ɗaga murya ya ce, "An fara ba da jan kati!" Na buga babur na wuce. Wannan ne karo na farko a rayuwata da aka jefe ni da magana ban rama ba.

Na koma wurin Hussaini. Yana ganina ya ɓata fuska.

"Ba kai nike so ba, Yaya. Izini nike so, matan gida su je makaranta su tsaya."

"Ba sai na ajiye sungumi ba?"

"Ko kallona ba sai ka yi ba."

"Abincin fa?"

"Zai makara da awa ɗaya."

Ya sara rami uku yana tunani. Sannan ya cire hular, wata tsohuwar zanna da maiƙo ya mayar baƙa, ya wurgo mini. Ya ce ta gidan duka ce, har matan ƙannensa. Ya kuma ɗaga murya ya kira maƙwabcinsa na gona ya gaya masa. Daga nan maganar ta riga ni gudu. Ina isa gona sai in tarar mutum ya ɗaga hula sama da hannu ɗaya, ɗayan na kan sungumi. Ba kowa ba, ban ce kowa ba. Wani dattijo ya ce matansa ba sa zuwa kallon ƙatti, in ɓace masa da gani. Wani ya ce shi malafa ya sa, in ya ba ni rana za ta kashe shi, sai ya cire takalmi ƙafa ɗaya ya ba ni. Wani kuma ya riƙe ni minti biyar cur yana tambaya ko za a yi layin mata daban. Na rantse masa da abin da ban tabbatar ba, na karɓi hular.

Sha ɗaya saura kwata na nufo gari. A wani kwari da ruwa ya kwanta babur ya zame, na tafi ƙasa, buhu ya tafi gefe. Na tashi da laka har kunne, na tsince huluna bakwai daga cikin taɓo, babur kuma ya ƙi tashi. Na buga, na buga, na roƙe shi da girman Allah. Da na ga zai kashe ni sai na jingina shi a jikin kalgo, na saɓa buhu a kafaɗa na kama gudu. Rabona da gudu tun ina kwalejin horon malamai.

Sha ɗaya da minti goma na zube buhun a zauren Gwaggo. Sauran biyun sun riga ni. Hula sittin da takalmi ɗaya. Namiji ba ya shiga gidan mutane, don haka Gwaggo da Rauda da wasu tsofaffi uku suka raba su a zannuwa suka bazu. Na bi Gwaggo ina tsayawa a ƙofa. Ina jin ta daga ciki tana cewa, "Ta wace ce wannan?" sai wata ta ce, "Ta Malam ce, ga inda ɓera ya ci." A wani gida na ji mace ta ce, "Wannan warin ko a kabari na san shi." Amma ba wadda ta fito. Wannan za ta sauke tukunya, waccan tana neman mayafi, wata ta manta inda ta ajiye kati, wata sai ta yi wa yaro wanka. Na ce wa Gwaggo lokaci fa. Ta ce in tafi makaranta, tsayuwata ba ta ƙara wa kowa sauri.

Sha biyu saura minti ashirin da biyar na iso filin. Ba abin da ya canza, sai gwiwar Raufu da ta kumbura har ana gani ta cikin wando. Awa huɗu ke nan yana tsaye. An kawo masa kujera ya ƙi. Ya dube ni, ya dubi lakar jikina, ya dubi bayana. Ba kowa.

"Suna zuwa," na ce.

Bishir ya je gaban Hajiya Karima. "Hajiya, a ƙirga mana mu tafi. Ba wanda zai ƙara zuwa, ana ta gasa dattawa a rana."

"Sha biyu," ta ce, ba ta ɗago ba.

Saura kwata. Saura minti goma sha biyu. Wani tsoho a layinmu ya zauna a ƙasa. Ni na daina duba agogo, hanyar da ta fito daga cikin gari nake kallo, har idona ya fara kawo ruwa. Raufu ya ce a hankali, ba tare da ya juyo ba, "Na taɓa tsayawa a gaban mutum dubu arba'in, ban ji abin da nike ji yanzu ba."

Saura minti takwas sai ga mace ɗaya ta ɓullo ta bayan masallaci, da goyo, da kati a hannu. Ta tsaya tana waige-waige kamar za ta koma. Sai ga uku a bayanta. Sai lungun ya cika. Suna tafe cikin hijabai da mayafai, wata da muciya ba ta ma san ta taho da ita ba, da yawa suna riƙe da hulunan kamar za a tambaye su shaida. Ba guɗa, ba hayaniya, sauri kawai suke yi.

Bishir ya yi tsalle. "Hajiya, wannan ba tsari ba ne! Ƙato bayan ƙato aka ce. Mata ba su cikin lissafi!"

Hajiya Karima ta cire tabarau ta dube shi. "Ni da zan yi lissafin mece ce?"

Ya ruga ya tura a kira matan nasu mutanen. Ya samo takwas. Hajiya ta sa matan su yi nasu layin daban a gefen na maza, na ji daɗi rantsuwata ba ta tashi a banza ba. Layin ya miƙe ya wuce tutar makaranta, ya wuce rijiya, ya kai bakin shinge, ana ta ƙaruwa. Ƙarfe sha biyu daidai ta tashi ta taka har ƙarshensa, ta ja zane a ƙasa da tsinin lemarta a bayan mace ta ƙarshe.

A lokacin ne rukuni na ƙarshe ya shigo filin, mata wajen ashirin, Gwaggo Kulu a tsakiyarsu tana haki, ita ta tsaya tattaro su. Tsakaninsu da zanen bai fi taku talatin ba.

"Hajiya, mahaifiyar ɗan takara ce!" na ce. "Ita ta..."

"Sha biyu da minti ɗaya."

Mutanenmu suka taso. Na ga hannaye sun fara tashi, na ga 'yan sanda biyun da ke wurin sun gyara tsayuwa. In aka yi rikici za a soke Dudunni gaba ɗaya, abin da Bishir ke addu'a ke nan. Sai Raufu ya juyo ya daka tsawa irin wadda yake yi wa 'yan bayansa a fili.

"Kowa ya koma wurinsa! An busa."

Suka koma. Gwaggo ta sami inuwa ta zauna a bayan zanen, tana fifita da hular wani.

Aka duba kati ɗaya-ɗaya, aka fitar da mata tara da suka zo da katin asibiti ko na zaɓen gwamnati. Hajiya ta ƙirga da ƙarfi tana taɓa kafaɗa, Bishir na biye da ita yana maimaitawa. Alhaji Bubayero saba'in da ɗaya. Abdulrauf ɗari biyu da tamanin da takwas. Kafin ta gama rubutawa matan sun watse, tukwane na jira.

Ba mu yi murna ba, don ba mu san girman ramin ba. Bayan La'asar aka haɗu a ofishin jam'iyya a Kusada, ana karanta mazaɓu ɗaya bayan ɗaya. Ni ina lissafi a bayan takardar jarrabawar wani ɗalibina, ina tunanin mata ashirin ɗin nan da ke bayan zane. Da aka karanta duk sauran, Alhaji na gaba da ɗari biyu da shida. Aka karanta Dudunni. Na yi lissafin sau uku kafin na yarda. Raufu ya wuce da mutum goma sha ɗaya.

Alhaji Bubayero ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya tashi ya zo ya miƙa wa Raufu hannu ya ce, "Ni gabas na duba, ban duba cikin gida ba. Allah ya taya ka riƙo." Raufu ya durƙusa zai gaishe shi, gwiwar ta ƙi, sai da muka ɗaga shi mu biyu.

Ya ci babban zaɓe, ya yi shekara huɗu a majalisa a Katsina. Ban ce ya girgiza ta ba. An ce sau shida ya yi magana, huɗu a kan taki ya iso kafin ruwa, ɗaya a kan filayen wasa na makarantu, ɗaya kuma ya ce a kashe fanka tana kaɗa masa takarda. Zagaye na biyu jam'iyya ta koma zaɓen wakilai a ɗaki, ba a sake ba shi tikiti ba. Yanzu yana cikin wani kwamitin wasanni na jiha, yana zuwa Dudunni duk Juma'a.

Ruwan nan kuwa, bayan na ranar Juma'ar bai sake sauka ba sai da aka yi kwana goma sha tara. Geron ya tsiro ya kai tsawon yatsa, ya ƙone ƙurmus. Kowa sai da ya yi maimai. Ranar maimain Raufu ya tuɓe shadda ya je gonar bakin rafi ya ɗauki sungumi, ni ina gefe ina ba da shawara. Ya yi layi biyu, Hussaini ya zo ya tsaya yana kallonsu, sun karkace kamar sawun maciji. Ya karɓe sungumin daga hannunsa.

"Tahi Katsina," ya ce. "Iri ya yi tsada bana."